Dokar Tanimun da Waken Gwaggo Kyauta

Mai karatu, ka taɓa tsayawa gaban wata doka da aka manna a bangon buro, wato ofis, ko a ƙofar kasuwa, ka karanta layi uku, kanka ya ɗau zafi, ka juya ka yi tafiyarka? Ka taɓa tambayar kanka me ke can ƙasan takardar, inda idonka bai kai ba, kuma a kan wa zai faɗa? In ba ka taɓa ba, tsaya ka ji abin da Tanimun ya jawo wa gidan da ya rene shi.

Tanimun ɗan Tungar Marke ne, wani ƙauye a bakin kwarin Badagishiri, cikin ƙasar Illela. Yaro ne mai kai, wannan ba gardama. Ya yi lakwal, wato makarantar boko, a Illela, ya yi lise, wato sakandare, a Tawa, ya wuce Yamai ya fara karatun shari'a. Shekarar da makarantu suka tsaya cak saboda yajin aiki, ya dawo gida da akwatin littattafai da tabarau. Ba ya sata, ba ya ƙarya, ba ya barci har hantsi. Cutarsa guda ce: a ganinsa gajeriyar magana ta wanda bai yi karatu ba ce. In ka tambaye shi hanyar rijiya, sai ya fara maka da sunan wanda ya gina ta. In ya tashi magana a wurin suna, mata kan mayar da tukunya bisa wuta, don sun san ba yanzu za a ci ba. Mutane suna dariya, shi kuwa yana ɗaukar dariyar a matsayin sha'awa.

Iyayensa sun rasu yana ƙarami. Ƙanwar ubansa, Kyauta, ita ta ɗauke shi ta haɗa da ɗanta Isufu, suka tashi suna ci a kwano guda. Isufu ya tsaya gona, Tanimun ya tafi lakwal. Ko da mijin Kyauta ya rasu ba ta bari karatun ya tsaya ba. Waken da take nomawa shi ya yi wa Tanimun riga da takalmi shekara da shekaru.

A wannan yanki akwai al'adar da ake kira sakin gonaki. In an gama girbi an kai hatsi rumbu, maigari da dattawa sukan sa rana. Sai sanƙira, wato mai shela, ya rataya ganga ya shiga kasuwar Badagishiri ya faɗa wa duniya. Daga ranar, shanun makiyaya suna da ikon shiga kowace gona, su ci kara su bar taki. Abin da ka bari a gona bayan ranar, kai ka so. Makiyayan da ke gangarowa daga arewa ba sa zuwa taron kowa, ba sa karanta takardar kowa. Gangar kasuwa ita ce dokarsu, kuma ba sa ƙetare ta.

Wata damina, a farkon shekarun 1990, ruwa ya ɗauke a tsakiya. Hatsin tudu ya yi kai ƙanana, wasu gonakin ma ba su mayar da iri ba. Mutane suka koma fadama, inda danshi ke daɗewa, suka shuka wake a makare. Allah ya sa waken ya yi kyau, sai dai bai nuna da wuri ba. Tudu ya bushe ƙayau, amma waken fadama yana nan shar, ya ɗauki 'ya'ya jingim, yana son ɗan lokaci kafin a shiga roro. Gonar Kyauta tana tsakiyar fadamar. Abin da ke rumbunta ba zai kai su sanyi ba. Abincin gidan na shekara yana kwance a wannan gona, kuma kowa a gidan ya san haka.

Maigari Bawa ya tara dattawa a zaurensa. Ba su daɗe ba suka gama, domin abu uku kawai suka yanke. Gonakin tudu a sake su ranar Asabar ta bayan kasuwa. Fadama kada kofato ya taka ta sai an sake buga ganga. Shanun da za su sha ruwa su bi burtali zuwa tafkin gabas.

A da, da baki ake ba sanƙira irin wannan, ya tafi. Amma lokacin zamanin kwamiti ne. Tun da aka yi babban taron ƙasa a Yamai, kowane ƙauye yana son ya ga maganarsa a takarda. Wani dattijo ya ce ai garin yana da ɗan lakwal, me zai hana a rubuta? Aka kira Tanimun.

Maigari ya ce, "Ka ji abin da munka yanke. Rubuta muna shi, a aje guda nan, a ba Na'Allah sanƙira shi kai kasuwa."

Tanimun ya gyara tabarau. "Ranka shi daɗe, za a yi shi yadda doka ta ƙwarai take."

"Yadda munka hwaɗi dai, ɗana."

Wannan maganar ta ƙarshe ba ta shiga kunnen Tanimun ba. Washegari ya hau mota zuwa Ƙonni, wurin wani abokinsa mai mashin ɗin buga takarda a bayan tasha. A ransa yana ganin takardar ta kai hannun manya a Illela, daga nan ta wuce Tawa, wani babba ya ɗaga kai ya ce, wa ya rubuta wannan? A nemo mini shi. Ba Kyauta yake rubuta wa ba, ba makiyayi yake rubuta wa ba. Wannan babban da bai taɓa gani ba, shi yake rubuta wa.

Ya fara da tarihin garin, da sunayen waɗanda suka sari dajin. Ya bi da jerin abubuwan da aka yi la'akari da su. Ya bayyana abin da ake nufi da gona, da abin da ake nufi da saniya, kai ka ce akwai wanda zai haɗu da saniya a Tungar Marke ya kasa gane ta. Ya yi aya a kan jakuna, ya yi aya a kan raƙuma, ya yi aya a kan kajin da suka tsallaka danga. Ya kafa kwamiti, ya kafa ƙaramin kwamiti a cikin kwamitin, ya faɗi wanda zai zauna a kujera in shugaba ya yi tafiya. Babu wanda ya sa shi. Da ya gama, abu ukun nan na dattawa sun zama aya arba'in da wani abu, cikin Faransanci. Ranar sakin gonaki tana aya ta shida. Maganar fadama, wadda ita ce dalilin taron tun farko, tana can aya ta talatin da takwas, tsakanin ayar raƙuma da ayar kujera.

Ya dawo gida da takardun a cikin jakar leda, yana riƙe da su kamar jariri. Ya tarar da Kyauta tana dama fura a gindin rumbu.

Ta ce, "Sannu da hanya, malamin gida. Ka sa maganar hwadama?"

"Na sa, Gwaggo."

"Ina ka sa ta?"

"Inda ta dace."

"Sa ta bisa, Tanimun. Ita za a hwara ji."

Ya yi murmushi irin na wanda ke haƙuri da tsohuwa. "Gwaggo, doka tana da tsari. Ba a fara gini daga rufi."

"Ni ban san tsari ba. Wake na sani."

Isufu, da ke gefe yana gyaran ƙotar gatari, ya ɗaga takardun ya auna nauyinsu a tafin hannu. "Kai, ɗan'uwa, wanga duka don a ce ma saniya ta dakata? Ko Hayatu za ka ba shi karanta ma shanunai?"

Hayatu makiyayi ne, tsaran Isufu. Kowace kaka yakan gangaro da garkensa ya sauka a gonar Kyauta ta tudu. Shanunsa su yi mata taki, ita ta ba shi damin hatsi, shi ya aiko mata da nono kowace safiya. Ubansa haka ya yi da mijinta. Inna Hayatu yake ce mata. Tanimun ya karɓe takardunsa ya ce Isufu ba zai gane ba, ya shige ɗaki.

Ranar da za a karanta dokar, gari ya taru a gindin marken da ke ƙofar maigari, bayan azahar. Tanimun ya sa farar riga. Ya ce zai karanta kowace aya da Faransanci, sannan ya juya ta da Hausa, don kada a rage wa doka daraja. Ya fara. Mutane suka saurara da ladabi har aka wuce tarihin garin. Da aka zo bayanin saniya wani ya yi dariya, Tanimun ya harare shi ya maimaita ayar daga farko. Aka kira la'asar, aka tashi. Bayan salla rabin mutane ba su dawo ba. Masu awaki suka tafi kora, mata suka tafi daka. Maigari yana gyangyaɗi yana farkawa yana cewa, "Madalla." Kafin a kai ayar raƙuma rana ta yi ja, kuma waɗanda suka rage ba su wuce tsofaffin da gwiwa ta hana tashi ba. Maigari ya ɗaga hannu ya ce a tsaya nan, ai an san abin da ke ciki.

Nan ne abin ya lalace, kuma babu wanda ya lura. Manoma sun san an hana fadama, domin dattawansu sun faɗa musu a gida. Suka kwantar da rai. Kowa ka tambaya sai ya ce ai tana cikin takarda.

Na'Allah sanƙira ba ya gari duk kwanakin nan, ya tafi biki Malbaza. Sai da safen ranar kasuwa ya dawo, ya zo ƙofar gidan Kyauta da gangarsa a kafaɗa, motar kasuwa tana jira a bakin hanya ana ɗora mata buhuna.

Ya kira shi da Mushe, wato malam a bakin Faransawa, ya ce, "Mushe Tanimun, Maigari ya ce saƙo yana wurinka. Zuba mini in tahi."

Tanimun ya fito da jakar leda ya nuna masa tabarma. "Zauna."

"In zamna? Mota za ta tashi."

"Doka ce, ba tallar goro ba. Sai ka ji ta daga farko."

Na'Allah ya tsuguna, ƙafa ɗaya a shirye. Tanimun ya fara da tarihin garin. Direba ya danna oda. Aka zo bayanin gona, aka zo bayanin saniya. Direba ya sake danna oda, ya daɗe bai ɗaga hannu ba. Da aka iso aya ta shida, Na'Allah ya ji Asabar, ya ji sakin gonaki, ya miƙe tsaye.

"Alhamdu lillahi, ga ta nan. Shi ke nan?"

"Wane irin shi ke nan? Saura talatin da wani abu."

"Talatin! Mushe, ni numhwashi guda gare ni, ganga guda gare ni. Kasuwa ba ta tsayawa ta saurari wa'azi. Cikin waɗanda sunka rage akwai wadda ta hi wagga? In akwai, ba ni ita."

Mai karatu, a nan kalma biyar sun isa. Kada shanu su shiga fadama. Tanimun ya san su, suna bakinsa. Amma ransa ya ɓaci, domin mai ganga yana son ya datse masa aikin da ya sha wuya a kansa. Ya rufe takardun ya ɗaga haɓa.

Ya ce, "A doka babu babba babu ƙarama. Duk daidai suke. In ba ka iya ɗauka duka, ba laifin doka ba ne."

Na'Allah ya ruga ya kama bayan mota tana tafiya. Sanƙira ba ya ƙara wa saƙo ko kalma daga kansa, abin da aka zuba masa shi yake zubawa. Ya zagaya kasuwar Badagishiri, daga 'yan hatsi zuwa karar shanu, yana buga ganga yana cewa Maigari Bawa ya gaishe ku, an saki gonakin Tungar Marke ranar Asabar. 'Yan garin da ke kasuwa suka ji, suka ce e, na tudu ke nan, maganar fadama ai tana cikin takarda. Makiyayan arewa suka ji, suka ce madalla. A cikinsu akwai Hayatu, wanda garkensa ya iso da yunwa da ƙishirwa, yana tsare da su a bayan dutse yana jiran ganga.

Ranar Asabar da hantsi Tanimun yana zaune a zaure yana gyara wata aya da alƙalami, sai ya ji kururuwar mata daga wajen fadama. Ya fita da gudu ba takalmi.

Abin da ya gani ba zai bar idonsa ba har abada. Garke uku sun gangaro daga tudu, sun ji ƙamshin danshi, sun watsu cikin fadamar. Inda jiya ake ganin kore shar har iyakar ido, yau sai ƙaho da bayan shanu. Suna fizgar waken da saiwarsa, suna tattake abin da ba su ci ba. A tsakiya, cikin gonar Kyauta, shanun Hayatu ne. Hayatu kansa yana gaba yana dukan na farko da sanda yana ƙoƙarin juya su, domin sai da suka shiga ya ga waken bai nuna ba. Amma wa ke juya garke mai yunwa a cikin ɗanyen wake?

Isufu ya riga kowa isa, da gatari a hannu. Ya sari wata farar saniya a ƙafar baya, ta durƙushe tana kuka. Hayatu ya juyo, ya ga saniyarsa a ƙasa, sandarsa ta sauka a goshin Isufu. Jini ya rufe wa Isufu ido. Ya juya gatarin ya kai duka da ƙota, aka ji ƙarar ƙashi, hannun Hayatu ya saki. Maza suka taso daga gari da sanduna, makiyaya suka taso daga tudu da nasu. Ba don Maigari ya shiga tsakani da rawaninsa a hannu yana haɗa su da Allah ba, da ranar an yi gawa.

Tanimun ya kutsa yana ihu, "An hana! An hana fadama! Yana cikin doka!"

Hayatu yana zaune a ƙasa, ya riƙe karyayyen hannunsa, gumi yana zuba. Ya ɗago ya dube shi. "Wace doka? Ni ganga na ji. Ganga ta ce an saki. Kai Tanimun, da na san Inna ba ta rore ba, ni zan sa mata shanu? Ni da nike shan hurarta?"

Kyauta ba ta yi kururuwa ba. Tana tsaye a bakin gonarta, ta duƙa ta ɗauki wani reshen wake da kofato ya murƙushe, ta kakkaɓe shi, ta riƙe. Ba ta dubi Tanimun ba.

Kafin azahar jandarma, wato 'yan sandan karkara, suka iso daga Illela. Aka ɗaure wa Hayatu karyayyen hannunsa, aka wanke wa Isufu goshi, aka zauna a ƙofar maigari, gindin marken nan da aka karanta dokar. Yau kam babu wanda ya tashi. Babban jandarman ya saurari manoma, suka ce an hana fadama. Ya saurari makiyaya, suka ce an saki gonaki. Ya tambayi Na'Allah abin da ya faɗa a kasuwa, ya maimaita, ya kuma faɗi yadda suka yi da Tanimun a ƙofar gida, bai rage ba bai ƙara ba. Sai jandarman ya ce a kawo takardar.

Ya ce da Tanimun, "Kai ka rubuta? To, nuna mini inda aka hana."

Tanimun ya buɗe. Ya wuce tarihi, ya wuce jakuna, ya koma baya, ya sake wucewa. Shi da ya rubuta ta, ya tsaya yana lasar yatsa yana juya shafi, gari guda yana kallonsa. Wani daga baya ya ce, "Ko a kira Na'Allah shi buga mata ganga ta hito?" Babu wanda ya yi dariya. Da ƙyar ya same ta. Jandarman ya ce ya faɗe ta da Hausa kowa ya ji.

Tanimun ya karanta: "Ba tare da an saɓa wa abin da aya ta shida ta ƙunsa ba, kuma bisa la'akari da ma'anar da aya ta uku ta ba gona, da sharaɗin da aya ta goma sha tara ta gindaya game da wuraren da ruwa kan kwanta a cikinsu, ko na ɗan lokaci ko na dindindin, za a iya ɗaukar cewa sakin da aka ambata a baya bai shafi waɗannan wurare ba, har sai kwamitin da aya ta ashirin da biyu ta kafa ya bayyana akasin haka ta hanyar da aka saba."

Maigari Bawa ya cire hularsa ya ajiye a gwiwa.

Ya ce, "Ɗana, mu mun ce kada shanu su shiga hwadama. Ina hwadama cikin wanga? Ina shanu?"

Tanimun ya buɗe baki zai yi bayani. Maigari ya daka masa tsawa, irin wadda ba a taɓa jin ya yi ba. "Rihe mini baki! Bayaninka ne ya kawo mu nan!"

Hukuncin bai ɗauki lokaci ba. Makiyaya sun shiga ne bayan ganga ta saki, don haka babu wanda zai biya wake. Isufu ya sari dabba ya karya mutum, don haka zai bi jandarma zuwa Illela, a tsare shi a kaso, wato gidan yari, har a yi shari'a. Aka sa shi a bayan mota da goshi a ɗaure. Ya dubi uwarsa, ya dubi Tanimun, ya kawar da kai. Hayatu ya je gaban Kyauta ya durƙusa, ya ce, "Inna, ki gahwarta mini. Amma ni da gonarki sai wata rana." Kafin la'asar ya kaɗa garkensa ya nufi wajen Bazaga, ya bar farar saniyar an yanka. Zumuncin da uba ya bar wa ɗa ya ƙare a wuni guda. Maigari ya ce daga yau saƙon gari daga bakinsa zai fita zuwa kunnen Na'Allah, ba ya son ya sake ganin Tanimun a zaurensa da alƙalami.

Da magariba Tanimun ya shiga gida kamar baƙo. Ya zauna a tabarmarsa a bakin ɗaki. Wurin Isufu babu kowa, gatarin ma jandarma sun tafi da shi. Tun safe bai sa komai a ciki ba. Can sai ga Kyauta ta fito daga madafa da kwanon da suke ci shi da Isufu tun suna yara, a rufe da faifai. Ta ajiye a gabansa, ta kawo ruwan wanke hannu, kamar kullum. Ya ji wani sanyi a ransa. Ya wanke hannu, ya ɗaga faifan.

Takardunsa ne a ciki, an naɗe su an danna su har bakin kwano.

Ta tsaya a kansa. "Ci."

"Gwaggo..."

"Ci mana! Ba shi ka noma muna ba bana? Na ce maka sa ta bisa, ka ce mini tsari. To, ga tsari nan, da yawa, ya cika kwano. Ka ci ka ƙoshi, ka rage ma Isuhu, gobe in kai mishi kaso. Wake ya kai ka lakwal, Tanimun. Ban san na aike ka ka koyo yadda za a ɓoye kalma biyar ba."

Ta juya ta shiga ɗakinta ta saki labule. Tanimun ya zauna da kwanon a gabansa, hannunsa a jiƙe, har aka kira isha'i.

Darasin da ke cikin wannan labari a fili yake. Ba a rubuta doka don a yaba wa mai rubutu, ana rubuta ta don wanda za ta faɗa a kansa ya ji, ya gane, ya kiyaye. Dokar da ba za a iya faɗa a kasuwa da numfashi guda ba, ba ta tsare kowa, sai dai ta zama tarko ga mai gaskiya. Duk kalmar banza da ka ƙara tana binne kalmar da ke ceton abincin wani. Tsawon magana ba ilimi ba ne. Ilimi shi ne ka san abin da ya fi muhimmanci, ka sa shi a sama, ka yi ƙarfin halin share saura. Don haka, ya kai mai karatu, in kai sakataren kwamiti ne, ko ma'aikacin buro, ko ɗan lakwal ɗin da gari ya dogara da alƙalaminsa, ɗauko dokar da ke hannunka yau. Ka je ka karanta wa tsohuwar gidanku da babbar murya. In ba ta iya maimaita maka ita ba, kada ka manna, kada ka aika. Koma ka rage ta, har sai ta iya.